Da ƙwaya aka fitar min da cikin da ya lalace

Laulayi ne ya fara ɗaukewa. Ni mace ce mai wahalar laulayi, a cikin yarana na baya sai na kai wata huɗu ina amai, ko ƙamshin albasa a mai ba na iya shaƙa. Wannan karon ina cikin wata na uku sai na wayi gari garau, na ci tuwo da miyar kuka har da ƙari. Na yi murna, maigida ma ya yi murna. Bayan 'yan kwanaki na ga ɗan jini baƙi-baƙi, ba shi da yawa, kuma marata ba ta ciwo. Yayata, wadda ta fi ni sanin kan asibiti, ta ce kada in jira ranar awo, in tashi in je a yi hoto.

Mai hoton ya daɗe yana yawo da na'urar a kan marata bai ce uffan ba. Ya tambaye ni ranar da na ga al'adata ta ƙarshe, na faɗa masa, ya sake tambaya ko na tabbata. A lissafina cikin ya kai sati 11. Abin da ya auna bai wuce na sati 7 ba, kuma babu bugun zuciya. Likitar da na kai wa takardar ba ta yanke komai a ranar ba. Ta ce lissafin mace yana iya kaucewa, musamman mai shayarwa ko wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, kuma idan da shakka ba a taɓa ciki da hoto ɗaya. In koma gida, in dawo bayan sati a sake dubawa.

Hajiya, mahaifiyar maigida, tana jin labari ta iso. "Kwanciya ya yi, 'yar nan," ta ce. "Mun ga wadda nata ya kwanta shekara guda ya tashi, ta haifi ɗanta lafiyayye. Kada ki yarda su taɓa miki shi." Ta kawo rubutu a gora, na sha da zuciya ɗaya, don babu wanda ya kai ni son maganarta ta tabbata. Hoto na biyu ya nuna babu abin da ya ƙaru, jakar da ɗan tayin yake ciki ma ta fara motsewa. Na faɗa wa likita maganar Hajiya. Ba ta yi dariya ba, da alama ta saba ji. Ta ce, "Malama, zuciyar da ta tsaya ba ta tashi. Jikinki ne bai riga ya gane ba, shi ya sa yake riƙe da shi."

Sannan ta faɗi abin da na fi bukatar ji. Cikin duk ciki 10 da aka san da su, 1 zuwa 2 suna ƙarewa da ɓari, yawanci a wata ukun farko, kuma kusan rabinsu tun daga haɗuwar ƙwayoyin halitta aka samu tangarɗa. Ba daka ba ne, ba ɗaukar bokiti ba, ba ramukan titi a adaidaita sahu ba. Satin nan gaba ɗaya lissafin laifina nake yi, har da ranar da na ɗaga buhun shinkafa.

Hanya uku ta shimfiɗa min. Ko in jira ya fita da kansa, wanda zai iya ɗaukar makonni kuma ba a san inda jinin zai same ni ba. Ko a ba ni ƙwaya. Ko a yi wankin ciki, a zuƙe da sirinji a gama a rana ɗaya. Labaran da na sha ji a gidan suna game da wankin ciki, na ƙarfe da kururuwa, su suka sa ban tsaya dogon tunani ba na ce ƙwaya.

Na ɗauka rubuta min za a yi in tafi. Ashe da saura. Aka ɗebi jinina aka duba yawansa, don macen da take da ƙarancin jini tun farko ba ta da rarar da za ta zubar. Aka duba rukuninsa, saboda masu rukunin da ake cewa negetib ana iya yi musu wata allura cikin awa 72 don kare cikin da zai zo gaba. Nawa bai bukata ba. Likita ta tambaye ni ko an taɓa yi min aiki wajen haihuwa, ko da robar tazarar haihuwa a mahaifata, ko ina shan maganin tsinka jini, ko jinina yana wuyar tsayawa idan na yanke, ko ina da asma mai tsanani. Ta tambayi nisan gidanmu da asibiti da kuma wanda zai kwana tare da ni. Da na ce ba mu da mota, ta ce to a samu mai adaidaitan da zai bar wayarsa a kunne. Maigida ya sa hannu a takarda, ni ma na sa.

Magungunan iri biyu ne. Na farko, mifepristone, yana toshe aikin sinadarin jikin mace da ke riƙe ciki, sai shimfiɗar mahaifa ta fara saki. A Faransa aka samar da shi, a can aka fara amincewa da shi a 1988. Na biyun, misoprostol, shi ne mai aikin ƙarfi: yana tausasa bakin mahaifa ya sa ta murɗa ta turo abin da ke ciki. Asalinsa maganin gyambon ciki ne da aka sani da Cytotec, kuma matan Brazil ne a ƙarshen shekarun 1980 suka lura da gargaɗin da ke jikin kwalin cewa kada mai ciki ta sha, suka juya shi zuwa abin da aka san shi da shi yau. A nan gida NAFDAC ta yi masa rajista a 2006 don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma ya ceci mata da yawa a ƙauyukan da babu firij ɗin ajiye allurar tsayar da jini. Wannan ƙwayar dai ita ce ungozoma ke bai wa mai jego, likita ke bai wa irina, kuma ita ce dai ake saya a ɓoye a zubar da ciki.

Kantin maganin asibitin babu, aka ce mu nema a waje. Sista ta ja maigida gefe ta ce, "Alhaji, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada ka karɓi wanda aka ɓare aka ƙulla a leda. Wanda yake rufe da azurfa gaba da baya za ka saya." Dalili kuwa, misoprostol ba ya shiri da laima, da iska mai danshi ta shige shi ƙarfinsa yake raguwa, ga shi a ido lafiya lau. Maigida ya dawo yana ba ni labari ransa a jagule. Kanti na farko an nemi takardar likita, an karanta, aka ce ya ƙare. Na biyu ko kallon takardar yaron kantin bai yi ba, ya miƙo kwali yana wani murmushi, har yana ƙara masa bayanin yadda ake sha, bayanin da ya saɓa da na likita. Maigida ya ce tunda yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, dattijo da shi.

Ƙwayar farko a gaban Sista na haɗiye ta. Ban ji komai ba sai ɗan tashin zuciya da yamma. Ta biyun aka ce bayan kwana biyu, a gida. Kafin in tafi Sista ta juya bayan katina ta rubuta abubuwan da idan na gani kada in jira gari ya waye. Idan audugar mata babba guda 2 tana jiƙewa sharkaf a awa ɗaya, har awa 2 a jere. Idan jiri ya hana ni tsayuwa ko na ji zan suma. Idan zazzaɓi ya wuce kwana ɗaya bayan shan maganin, ko ya tafi ya dawo. Idan abin da ke fita ya fara wari. Idan ciwo ya ƙi jin magani, ko ya tsaya a gefe ɗaya, ko ya hau kafaɗa. Ta ƙara da cewa in ajiye kunzugu a wannan karon in yi amfani da auduga, don ita ake iya ƙirgawa.

Ranar aka kai yara gidan Hajiya, Yaya ta zo da kayanta. Na sha maganin ciwo tukuna, sannan na sa ƙwayoyin a ƙarƙashin harshe, aka ce rabin awa ba magana ba tofar da yawu. Garas-garas suke, ba su da ɗaci sosai, amma suna sa bakin mutum ya yi kauri. Ban gama haɗiye ragowar ba sanyi ya kama ni. Watan Afrilu ne a Kano, an ɗauke wuta, Yaya tana fifita tana zufa, ni kuwa ina cikin bargo biyu haƙorana suna haɗuwa. Da ba a gaya min haka yake yi ba da na ce mutuwa ce ta zo. Daga nan gudawa ta biyo, sai murɗar mara.

Masu cewa ciwon al'ada ne mai ɗan ƙarfi, wataƙila haka nasu ya zo musu. Nawa naƙuda ce. Tana zuwa ta matse ni tun daga baya har cinyoyi, ta sake ni in numfasa, ta dawo. Na durƙusa a gefen gado na kifa kaina a katifa, Yaya tana danna min ƙugu da gorar ruwan ɗumi tana karanto min addu'a ina bi. Maigida yana tsakar gida yana kai da kawo, lokaci-lokaci ya leƙo ya ce, "Yaya, ko mu tafi ne?" ta ce masa a'a tukuna. Jinin da ya ɓalle ya fi duk wata al'ada da na taɓa yi, yana zuwa da guda-guda kamar hanta. Yaya ta sa fo a banɗaki ta ce kada in zuba komai a masai sai ta gani da tocilan. Kowace auduga na cire sai ta duba agogon waya ta rubuta lokaci a bayan katin, ƙarƙashin rubutun Sista. Akwai awa ɗaya da muka kai guda biyun da aka faɗa, muka zuba wa juna ido, ta ɗauko mayafina ta ajiye kusa, maigida ya kira mai adaidaita ya ce ya zama cikin shiri. Awar da ta biyo jinin ya ja baya.

Can cikin dare na ji wani abu ya sulɓo, ciwon kuma ya faɗi nan take. Ba ja ba ne irin sauran, fari-fari ne mai ɗan yauƙi, bai cika tafin hannu ba. Yaya ta wanke hannunta ta naɗe shi a farin ƙyalle. Bayan sallar asuba maigida ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun ranar hoton farko.

Na zaci an gama. Jini ya ragu, na fara ɗan shara da girki. Amma bai ɗauke ba, kuma duk bayan kwana biyu sai ya ɓalle da guda, marata ta yi nauyi. Idan na miƙe tsaye sai in ga duhu-duhu. Hajiya ta ce dattin ciki ne yake fita, a bar shi ya fita, ta dama min kunun kanwa. Ranar komawa asibiti da aka rubuta min tana zuwa Yaya ta tasa ni gaba. Hoto ya nuna akwai saura a manne, jinina kuma ya yi ƙasa da yadda aka auna da farko. Likita ta ce ba abin mamaki ba ne: a irin nawa, da cikin ya mutu ya zauna, kusan mace 8 cikin 10 ce ƙwayoyin biyu ke wanke wa tas, sauran sai an ƙarasa musu. Ragowar nan ita ke hana mahaifa tsukewa, shi ya sa jini ba ya tsayawa. Idan ta daɗe kuma ta ruɓe, ƙwayoyin cuta su hau, daga zazzaɓi da wari sai su shiga jini, ko su toshe hanyoyin ƙwai mace ta zo tana neman haihuwa shekara da shekaru ba ta san mafarin ba.

Wankin cikin da na guda dai shi aka yi. An yi min allurar kashe zafi a bakin mahaifa, aka sa siririyar roba da sirinji babba, babu wani ƙarfen kankara. Ya yi ciwo, ba zan ɓoye ba, amma 'yan mintuna ne, kuma bai kai rabin daren nan ba. Saboda jirin aka ce in kwana a ɗaura min ruwa.

A daren ne aka shigo da wata yarinya ranga-ranga, ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, da lallen aure bai gama goguwa a ƙafarta ba. Labule ne kawai tsakanina da ita. Tafin hannunta da ya leƙo ta gefen gado fari fat. Uwarta tana ta cewa ɓari ne, ɓari ta yi. Likitan dare ya tambaye ta ko ta sha wani abu, ta ce a'a. Ya sake, ta ce a'a. Sai da ya ce, "Mama, ɗan ba mu wuri," uwar ta fita, sannan ta faɗa da wata murya da ƙyar ake ji. Ta sayi ƙwaya a kemis, ta sha, ta ga ɗan jini, ta ɗauka ya fita. Ciwon gefen da ya biyo baya ta ɗauka aikin magani ne, ta daure har ta faɗi a banɗaki.

Cikin nata ba a mahaifa yake ba, a hanyar ƙwai ya zauna. Ciki 1 zuwa 2 cikin 100 haka yake zuwa, kuma ƙwayoyin nan ba sa taɓa shi. Yana nan yana girma har ya fasa hanyar, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Mugun abin shi ne duk alamar da za ta sa mace ta ruga asibiti, ciwo da jini, ita ce alamar da mai kemis ya ce mata ta sa ran gani. Hoto ɗaya, irin wanda aka yi min har sau biyu kafin a ba ni komai, da ya nuna. Aka wuce da ita tiyata, 'yan'uwanta maza suna ta waya ana neman mai ba da jini da tsakar dare. Da safe Sista ta ce ta rayu, an cire hanyar ƙwai ɗaya.

Sistar tana cire min robar ruwa tana ba ni labarin irin waɗanda suke gani. Akwai mai cewa cikinta wata biyu alhali ya kai biyar. Mutane suna zaton idan ciki ya girma ƙwaya ake ƙarawa, alhali mahaifa tana ƙara girma tana ƙara jin maganin, ragewa ake yi; wadda ta antaya da yawa, musamman mai tabon aiki, mahaifarta na iya tsagewa. Akwai wadda ta sha jabu ko wanda ya sha iska, ta ga ɗigon jini ta saki jiki, ciki kuwa yana nan, sai ya fara motsi ta sani, kuma jaririn da maganin ya taɓa yana da ƙarin haɗarin zuwa da naƙasa a fuska ko gaɓoɓi. Akwai masu haɗawa da jiƙe-jiƙe da cushe-cushe, waɗannan su ne ke zuwa da wari.

Dokar da ake aiki da ita a Arewa ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 14. Duk da haka cibiyar bincike ta Guttmacher ta ƙiyasta cewa an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012 kaɗai. Ni da na yi kuka a kan cikin da nake so, ba ni ce zan ba kowa shawarar ta zubar da nata ba, kuma fatawa tana da masu ita. Amma macen da jini ke zuba, duba ta wajibi ne, doka ba ta hana ba, kuma mintunan da yarinyar nan ta ɓata tana cewa a'a daga cikin jininta aka cire su. Tsoro ne ya rufe mata baki, kuma tsoron yana da tushe. Da kunnena na ji wata ma'aikaciya, ana tura gadon, tana cewa, "Lokacin da kika sha ai ba ki yi shawara da mu ba." Duk macen da ke kwance a ɗakin ta ji, kuma kowacce za ta koma unguwarsu da labarin. Gobe wata ta ga jini, sai ta zaɓi ta ƙara kwana a ɗaki.

Da na koma gida sai tambayar sallah ta taso, don tun daren farko nake cikin kokwanto. Malamarmu ta Islamiyya ta ce malamai sun saɓa: wasu sai halitta ta bayyana suke ɗaukar jinin a matsayin na biƙi, Malikiyya kuwa ko gudan jini ne, in dai ba ya narkewa idan an zuba masa ruwan zafi, ciki ne. Ta ce in ɗauki nawa jinin biƙi, kuma da zarar ya ɗauke in yi wanka in ci gaba da sallah, ba sai na cika arba'in ba. Hajiya ta so a yi min wankan jego sosai da ganye. Muka daidaita a kan ruwan ɗumi, don likita ta ce kada a cusa komai, ba matsi ba turare, ba kusantar maigida sai jini ya tsaya. Farfesun hanta da zogale kam na ci har na gaji. Ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bayan gida, wannan ma gara a faɗa wa mutum tun wuri. An kuma gargaɗe ni cewa tsinken gwaji zai iya ci gaba da nuna layi biyu na 'yan makonni, kuma wani cikin yana iya shiga cikin sati biyu kacal, tun kafin a ga al'ada, don haka muka zaɓi abin tazara har jinina ya dawo.

Watanni bayan haka wata maƙwabciyata ta shigo da hantsi, goye da ɗanta da bai fara tafiya ba. Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, daga tsadar gawayi zuwa rashin ruwa, sannan ta rage murya. "Maman yara, don Allah sunan maganin nan da aka ba ki nake so." Kwanika ce, tun haihuwa ba ta ga al'ada ba, kuma ta ce ba zai wuce wata biyu ba. Na tambaye ta da me ta ƙirga, tunda babu al'adar da za a ƙirga daga ita. Ta yi shiru. Ban ba ta sunan ba, na ba ta labarin yarinyar bayan labule, na ce ta ajiye goyon wajen 'yata mu je a yi hoto, ni zan biya. Mai hoton ya ce sati 19, ya juyo mata da allon ta ga hannu da ƙafa. A adaidaita muna dawowa ta tambaye ni ranar da ake yankar katin awo da kuma ko ana hana mai ciki shayarwa, na ce ranar dai na sani, maganar nonon kuma mu tambayi Sista idan mun je.